Yadda ake zaɓar tsarin adana tarihin buɗaɗɗiyar manhaja: cibiya ɗaya ko kwafi a hannun kowa

Da zarar aikin manhaja ya wuce hannun mutum ɗaya, rikici ya kusa. Wani ya gyara fayil a Kurna, wani ya gyara shi ɗin dai a Hotoro, kowa ya turo nasa ta WhatsApp, kafin mako ya zagayo an tara `kamus_sabo`, `kamus_sabo2` da `kamus_na_karshe`, kuma babu mai iya nuna wanda yake na gaskiya. Maganin wannan shi ne tsarin adana tarihin canje-canje, wato manhajar da ke rubuta wa ya canza me, yaushe, kuma don me, ta yadda duk ranar da aka ɓata abu za a iya komawa baya. Irin wannan tsari kashi biyu ne, mai cibiya ɗaya da rarrababbe, kuma gara a zaɓa tun aikin yana ƙarami.

Zan riƙa misali da aiki guda. A ce ɗalibai biyar ne na Jami'ar Bayero suka haɗu za su gina manhajar ƙamus na Hausa ta waya, mai ma'anar kalma da muryar yadda ake furta ta, kuma suna so ta zama buɗaɗɗiya, kowa ya iya duba kod ɗinta, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, ya kawo gyara.

Bambancin tun daga tushe

A tsarin cibiya ɗaya, wanda Subversion ne fitaccen misalinsa, tarihin aikin gaba ɗaya yana zaune a kan saba guda, wato kwamfutar da kowa ke haɗuwa da ita ta intanet. Abin da ke kwamfutarka fayilolin yau ne kawai. Kamar littafin ciniki ne a shagon Kantin Kwari: littafin guda ne, yana teburin maigida, duk yaron da ya sayar da dila nan zai zo a rubuta, duk mai son sanin cinikin watan jiya nan zai zo a buɗe masa. Kowane canji yana samun lambarsa a jere, r1, r2, r3, har abin da ya sawwaƙa, don haka in aka ce "duba r250" kowa ya san abin da ake nufi. Kamfanin CollabNet ne ya soma gina Subversion a 2000 don ya maye gurbin CVS da ya tsufa, siga ta 1.0 ta fito a 2004, yanzu kuma gidauniyar Apache ce ke riƙe da shi.

A rarrababben tsari, duk wanda ya sauke aikin ya sauke shi ne da tarihinsa kaf, tun daga canjin farko. Rumbun da ke kwamfutarka, wato ma'ajiyar fayilolin aikin da tarihinsu, cikakke ne, bai gaza wanda ke intanet da komai ba. Git da Mercurial su ne manyan wannan ɓangare, kuma a wata ɗaya aka haife su, Afrilun 2005. Dalili kuwa, masu gina Linux sun yi shekaru suna amfani da BitKeeper, manhajar kuɗi da aka ba su kyauta, sai aka janye kyautar a shekarar. Linus Torvalds ya zauna ya rubuta Git, bayan 'yan watanni ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano. A Git babu lamba a jere, tunda babu wani tebur guda da zai riƙa raba ta. Kowane canji yana da wata doguwar shaida mai haruffa da lambobi 40, wadda aka lissafo daga abin da ke cikinsa da kuma shaidar canjin da ya gabace shi. Ba ta da daɗin faɗa a baki, amma tana da amfani babba: in wani ya taɓa tsohon tarihi a ɓoye, shaidun da suka biyo baya duk za su sauya, asiri ya tonu.

Mataki na farko: ku auna wutarku da sabis ɗinku

A nan ya kamata ɗan Kano ya fi daɗewa, domin yawancin shawarwarin da ake karantawa a kan wannan batu waɗanda ba su san ɗaukewar wuta ba ne suka rubuta su.

Ku zauna ku biyar ɗin, kowa ya faɗi gaskiyar halin da yake aiki. Wa ke da sola, wa ke jiran a kawo wuta? Wa ke sayen datar wata, wa ke sayen ta kwana ɗaya? Wa ke tafiya ƙauye hutu inda sabis sai an hau tudu? Amsar da za ku yi aiki da ita ita ce ta wanda ya fi kowa wahala a cikinku, don shi ne tsarin zai fara yarwa a hanya.

Da Subversion, in babu intanet kana iya ganin abin da ka canza da `svn diff`, kana iya soke shi da `svn revert`. Amma ba ka iya ajiye canjin a tarihi, ba ka iya duba tarihin baya da `svn log`, ba ka iya buɗe sabon reshe, wato layin aiki na gefe da ake gyara a kai kafin a haɗa shi da babban aikin. Illar a aikace ita ce mutum ya tara aikin kwana da kwanaki bai ajiye ba, ranar da ya samu data ya zuba shi gaba ɗaya cikin komit guda, wato ajiya ɗaya a tarihi, mai taken "gyare-gyare". In akwai kuskure a ciki, sai an tone komai kafin a gano shi. In kuwa kwamfutar ta lalace kafin ranar, aikin ya tafi.

Da Git, komit abu ne tsakaninka da kwamfutarka. Ka gyara binciken kalma, ka ajiye. Ka gyara launin shafi, ka ajiye daban. Duba tarihi, buɗe reshe, haɗa rassa, duk ba sa cin ko kilobait ɗaya. Intanet sai lokacin turawa da jawowa, kuma abin da ke tafiya bambancin ne kawai. Wanda ba shi da kwamfuta ma yana iya saka Termux a wayarsa ta Android, ya buga `pkg install git`, ya yi gyaran rubutu daga nan.

Akwai kuma wata dabara da mutane da yawa ba su sani ba, alhali kamar don mu aka yi ta. Kana iya ɗaure rumbun gaba ɗaya cikin fayil guda:

`git bundle create kamus.bundle --all`

Ka zuba fayil ɗin a filash, ko ka tura shi waya zuwa waya, abokin aikinka ya kai shi gida ya buga `git clone kamus.bundle kamus`. Ya samu aikin da tarihinsa ba tare da ya sayi data ba. In yana da rumbun tun da, sai ya jawo sabbin canje-canjen daga fayil ɗin da `git pull`, ya nuna masa inda fayil ɗin yake da sunan reshen. A tsarin cibiya ɗaya babu kwatankwacin wannan ga ɗan ƙungiya na yau da kullum.

Sai dai a faɗi gaskiya, saukewar farko a Git tana iya yin nauyi, tunda tarihi duka ake ɗaukowa. Ga sabon aiki irin ƙamus ɗinmu wannan ba komai ba ne. In kuwa tsohon aiki mai shekaru za ka shiga, `git clone --depth 1` zai kawo maka sigar ƙarshe kaɗai, `git clone --filter=blob:none` kuma zai kawo jerin tarihin ya bar tsofaffin fayiloli sai ka neme su.

Mataki na biyu: ku duba irin fayilolin da aikin zai tara

Fayilolin rubutu, wato kod, bayanai da jerin kalmomi, ana iya haɗa gyaran mutum biyu a cikinsu layi-layi. Duk tsarin biyu sun iya wannan. In gyaran biyu suka faɗa kan layi ɗaya, Git zai tsaya ya nuna maka wani abu kamar haka a cikin fayil ɗin:

```
<<<<<<< HEAD
ƙwarya: abin zuba fura
=======
ƙwarya: mazubi daga duma
>>>>>>> gyaran-ma'ana
```

Na sama naka ne, na ƙasa na abokin aikinka. Ka zaɓi ɗaya ko ka haɗa su, ka goge layukan alamar uku, ka ajiye. Sababbi kan firgita ranar da suka fara ganin wannan, su ɗauka sun lalata aikin. Babu abin da ya lalace. Shugaban ƙungiya ya haddasa irin wannan karo da gangan a makon farko, kowa ya warware shi sau ɗaya a gabansa.

Matsalar tana wurin sauti, hoto, bidiyo da fayilolin zane. Waɗannan ba sa haɗuwa. In mutum biyu suka gyara sautin kalma ɗaya, dole aikin ɗayansu ya tafi a banza. Kuma a Git kowace siga ta irin wannan fayil tana zama a tarihi, kowa kuma sai ya sauke ta. Fayil ɗin sauti mai megabait 10 da aka sake ɗauka sau 20 zai iya kai rumbun kusan megabait 200, ko da an goge shi daga baya. GitHub ma, shafin intanet da ake ajiye rumbunan Git, yana gargaɗi in fayil ya wuce megabait 50, yana ƙin karɓa in ya wuce 100.

A nan Subversion yake da bakin magana. Tsofaffin sigogi suna zama a saba, ba sa bin kowa gida. Kana iya sauke folda ɗaya daga cikin aikin ka bar sauran. Sannan yana da kulle: ka buga `svn lock` a kan fayil, babu mai iya tura gyara a kansa sai ka saki. In aka sa wa fayil alamar `svn:needs-lock`, zai zo wa kowa a rufe, sai ya karɓi kulle kafin ya taɓa shi.

To sai ku ƙiyasta. In kod ne mafi yawa, da 'yan hotuna da ba a cika sauyawa ba, wannan mataki bai hana ku Git ba. In kuwa aikin naku tarin sauti ne ko zane da ake ta sake gyarawa, kod ɗin kuma ɗan kaɗan, ku yi tunanin Subversion da gaske. Ƙamus ɗinmu yana tsakiya, kuma shawarata a raba shi: kod da jerin kalmomi a Git, sautuka kuma a wani wurin. Ana iya amfani da Git LFS, wanda ya fito a 2015: `git lfs install`, sannan `git lfs track "*.wav"`. Yana barin ɗan rubutu mai nuni a rumbu, ainihin sautin kuma yana saba. Amma ku sani da wannan kun koma dogaro da cibiya ɗaya ta ɓangaren sautin, kuma ɗaurin da muka zuba a filash ɗazu ba zai ɗauko sautukan ba.

Mataki na uku: ku yi tunanin baƙon da bai zo ba tukuna

Buɗaɗɗiyar manhaja ba ta ku biyar ba ce kaɗai. Wata rana wani daga Zinder ko Zariya zai ga kun rubuta kalma ba daidai ba, ya so ya gyara. Tambayar ita ce, ƙofa nawa zai ƙwanƙwasa?

A Subversion baƙo yana iya saukewa ya karanta, amma ba zai iya ajiye komai a tarihi ba sai kun buɗe masa asusu a sabarku. Ba ku san shi ba, ba za ku ba shi mabuɗi ba. Sai dai ya fitar da gyaransa cikin fayil da `svn diff`, ya aiko ta imel, wani cikinku ya shigar da hannunsa. An gina manyan manhajoji ta wannan hanya shekara da shekaru, ba a ce ba ta aiki ba. Amma tana gajiyar da mai kawo gyara, tana gajiyar da mai karɓa.

A Git baƙon ba ya neman izinin kowa kafin ya fara. Ya kwafi rumbun, ya buɗe reshensa, ya yi komit da sunansa, sannan ya aiko da buƙatar a haɗa. Ku duba, ku yi masa tambaya, ku karɓa ko ku ƙi. In kun karɓa sunansa yana nan a tarihi har abada, kuma ga matashin da ke neman aiki wannan shaida ce da zai iya nuna wa kowa. Wannan ne ya ja manyan ayyuka ɗaya bayan ɗaya. Python ya bar Subversion zuwa Mercurial a 2011, ya koma Git a kan GitHub a 2017. LLVM ya ƙaura a 2019, GCC a farkon 2020, FreeBSD a ƙarshen 2020. Shi Mercurial kansa tsari ne mai kyau, da yawa ma suna ganin ya fi Git sauƙin koyo, amma shafin ajiye rumbuna na Bitbucket ya daina karɓarsa a 2020, Mozilla kuma ta sanar a 2023 cewa za ta mai da Firefox kan Git. Ba zan shawarci sabuwar ƙungiya ta fara da shi ba, saboda in kuka maƙale da wuya ku samu wanda zai fitar da ku a kusa.

Wani abu guda da tsarin cibiya ya fi: iyakance wa zai ga wace folda. Subversion yana iya hana wani karanta ɓangaren rumbu. Git ba ya iyawa, wanda ya samu rumbu ya samu duka. Ga buɗaɗɗen aiki wannan bai kamata ya dame ku ba, sai ta fuska ɗaya mai muhimmanci: kada kalmar sirri ko mabuɗin shiga saba ya taɓa shiga komit. In ya shiga aka tura, gogewa ba ta wadatar ba, don yana tarihi, yana kuma kwamfutar duk wanda ya sauke. Ku sauya mabuɗin nan take.

Mataki na huɗu: ina za ku kai aikin?

Wani lokaci ba ku ke zaɓa ba. Wanda zai saka ƙarin manhaja a kundin WordPress na hukuma, ta Subversion ake turawa, da foldojinsa `trunk` da `tags`. Masu irin wannan aiki da yawa a Git suke aikinsu na kullum, sai ranar fitar da sabuwar siga su tura ta can. In kuma wani babban aiki da ya riga ku za ku taimaka wa, ku bi tsarin da kuka tarar.

Mataki na biyar: ku yanke hukunci, ku kafa

Ga ƙamus ɗinmu, da kusan duk buɗaɗɗen aikin kod da za a fara a Kano yau, hukuncina Git ne. Amma Git da cibiya ɗaya da aka amince da ita. Kasancewar kowa na da kwafi ba ya nufin kowa ya zama shugaba. Ku ayyana rumbu guda a intanet, ku ce wannan shi ne na gaskiya.

Kowa ya fara gabatar da kansa ga Git da `git config --global user.name` da `git config --global user.email`. Imel ɗin da ka saka zai bayyana a tarihi ga duk duniya, don haka ka zaɓi wanda ba ka damu a gani ba. Sannan ku ƙara wannan, saboda haruffanmu masu lanƙwasa:

`git config --global core.quotepath false`

In ba haka ba, fayil mai suna da ƙ zai riƙa fito muku a `git status` da `\306\231` a madadin harafin. Ku tabbatar kuma kowa yana ajiye rubutu da UTF-8, kuma ku saka layin `* text=auto` a fayil ɗin `.gitattributes`, don kada mai Windows da mai Linux su riƙa ganin kamar an canza kowane layi alhali ƙarshen layin ne kawai ya bambanta.

Mutum ɗaya ya shiga foldar aikin ya buga `git init -b main`, wanda ke kafa rumbun da babban reshensa mai suna `main`. Kafin komit na farko ya rubuta `.gitignore` mai ɗauke da sunayen abin da ba a so ya shiga, musamman fayil ɗin sirri da abin da manhajar ke haifarwa in an gina ta. Ya saka `README` mai bayanin aikin, da `LICENSE`. Kada ku raina na biyun: kod ɗin da ba shi da lasisi, ko yana fili, doka ba ta ba kowa damar amfani da shi ba. MIT yana barin kowa ya yi yadda ya so muddin ya bar sunanku, GPL kuma yana wajabta wa wanda ya gyara ya rarraba da ya buɗe nasa gyaran. Daga nan `git add .`, sai `git commit -m "Farkon aiki"`, sai a haɗa da rumbun intanet da `git remote add origin` da adireshinsa, a tura da `git push -u origin main`.

Doka ɗaya ta ishe ku da farko: babu mai tura aiki kai tsaye kan `main`. Kowane gyara reshensa daban, `git switch -c gyaran-bincike`, kuma sai wani ya karanta kafin a haɗa. Reshe kada ya daɗe. Wanda ya yi wata guda a ware, ranar haɗa shi kowa zai ji a jikinsa.

In kuwa lissafinku ya kai ku Subversion, `svnadmin create` ne ke kafa rumbu a saba, kowa ya sauke da `svn checkout`, ya riƙa buga `svn update` kafin ya fara aiki da kuma kafin `svn commit`. Masu Windows TortoiseSVN zai sauƙaƙa musu. Babban nauyin da kuka ɗauka shi ne sabar: kada ta zama kwamfutar da ke ɗakin wani a unguwa tana jiran wuta, kuma dole wani ya riƙa kwashe tarihin da `svnadmin dump` yana ajiyewa a wani wuri, tunda kwafi ɗaya ne tak. In daga baya kuka sauya ra'ayi, `git svn clone` yana ɗauko tarihin zuwa Git, amma ku shirya fayil ɗin da ke haɗa sunan asusun kowa da cikakken sunansa da imel ɗinsa kafin ku fara.

Mataki na shida: kada ku ɗauki GitHub a matsayin Git

Wannan ne inda na fi ganin ana sakaci. Git manhaja ce da ke kwamfutarka, ba mallakar wani kamfani ba ce. GitHub kamfani ne, an buɗe shi a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5. Wuri ne mai kyau, kuma nan jama'a suka fi yawa, don haka ban ce ku guje shi ba. Amma irin waɗannan wurare suna sauyawa. Google Code ya rufe a 2016. A 2019 GitHub ya taƙaita wasu ayyukansa ga masu amfani da shi daga Iran, Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka. Akwai GitLab, akwai Codeberg da wata ƙungiya mai zaman kanta ke gudanarwa a Jamus, akwai Gitea da Forgejo ga mai son kafa nasa.

Kod ɗinku da tarihinsa suna hannunku ko me ya faru. Abin da ba ya hannunku shi ne rahotannin matsala, da muhawarar da aka yi kafin a karɓi gyara. Waɗannan a shafin kamfanin suke, `git clone` ba ya kawo su. Don haka duk shawarar da ta shafi makomar aikin, kamar ƙa'idar rubutun da ƙamus zai bi ko dalilin zaɓar wani tsarin bayanai, ku rubuta ta cikin fayil a rumbun kansa.

Sannan ku naɗa mutum ɗaya ya buga `git clone --mirror`, ya riƙa sabunta kwafin da `git remote update` duk mako, ya tura shi wani shafin na biyu, ya kuma ajiye ɗauri a filash. In kuna amfani da LFS ya haɗa da `git lfs fetch --all` don sautukan su sauko. Sau ɗaya a zangon karatu ya ɗauki filash ɗin ya kai wata kwamfutar da ba ta taɓa ganin aikin ba, ya kashe data, ya buɗe rumbun, ya duba `git log` ya ga komit na farko da na ƙarshe suna nan, sannan ya gwada gina manhajar. Duk abin da ya ƙi samuwa a ranar, ya rubuta shi ya kawo wa ƙungiya a zama na gaba.